Jak ɗina yana sauka da kansa

Tambaya: Malam, ina facin taya a Agege. Jak ɗina mai ƙafafu yana ɗaga mota, amma a hankali sai ya sauke ta. Na ƙara masa man birki, bai daina ba.

Amsa: Ɗan'uwa, man birkin nan shi ya ƙara lalata shi, domin yana kumbura robobin ciki. Tsiyaye shi kaf, ka zuba man haidirolik daidai bakin ramin zubawa. Sassauta bawul ɗin saukewa, ka yi ta buga hannun kamar sau 10 iska ta fita, sannan ka ɗaure tamau. In bai daina ba, mai yiwuwa robobin sun mutu; ka tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo da tsofaffin a hannu a gwada maka. Kafin nan, don Allah, kada ka shiga ƙarƙashin mota sai ka tokare ta da ƙarfen tokara.