Amsa: Yadda za a jawo manya zuwa Gidan Tarihi na Kanta

Malam, ka tambaya yadda za a sa iyaye su riƙa shiga gidan tarihi, su daina sauke yara a ƙofa. A ganina, kada a gayyaci dattijo don a koyar da shi. A gayyace shi ya yi bayani.

Na gani da idona a Argungu. Mun kai yara Gidan Tarihi na Kanta, wanda fadar sarki ce har 1942, kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1958. Muka tafi da kawuna, tsohon masunci. Da muka iso wajen homa (ragar kamun kifi ta hannu) da gora, sai ya karɓe zancen daga jagora, ya nuna yadda ake kwanciya a kan gora cikin kogin Matan Fada, da yadda ake haɗa homa biyu a rutsa giwan ruwa. Jikokinsa har mantawa suka yi da waya! Daga nan ya gangaro kan zuwan Sarkin Musulmi Hassan a 1934, mafarin bikin kamun kifin da muka sani yau.

Sai dai a tanadi wurin zama, tsofaffi ba sa jure doguwar tsayuwa. Kuma a sa ziyarar bayan la'asar, lokacin da magidanta suka taso daga fadama.