Hukuncin Sallah a Ɗakin Asibiti Mai Gicciye a Bango

Tambaya: Malam, ina jinyar mahaifiyata a wani asibitin Katolika, kuma a bangon ɗakin an rataye gicciye mai siffar mutum. Wata 'yar'uwa ta ce duk sallolin da na yi a ɗakin sun ɓaci, sai na rama. Haka ne?

Amsa: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri. Cewa ba a kashe Annabi Isa (AS) ba, ba a kuma gicciye shi ba, aya ta 157 a Suratun Nisa'i ta gama magana. Abin da ba ki faɗa ba shi ne bangon da gicciyen yake, kuma a nan hukuncin yake sauyawa. Katolika suna ɗora siffar Almasihu a jikin gicciyensu, da ƙusoshi a hannuwa da kambin ƙaya a ka, suna durƙusa masa, har suna sumbatarsa ranar Jumma'ar da ke gaban Ista, saboda haka fuskantarsa a sallah makaruhi ne. Idan yana alƙibla, ki gusa da dardumarki gefe ko ki fita baranda. Idan yana bayanki, ki yi sallarki.

Maganar ramuwa kuwa ba ta da madafa. Imamu Bukhari ya buɗe babi a kan wanda ya yi sallah da tufa mai gicciye ko hotuna, ya kawo hadisin Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Nana A'isha ta kawar da labulenta domin hotunansa suna gitta masa a sallah. Bai yanke sallar ba, bai kuma sake ta ba. Masu kafa hujja da ƙin shigar Sayyidina Umar majami'a saboda hotuna sun manta cewa liyafa aka gayyace shi, yana da zaɓi, ke kuwa lalura ce ta zaunar da ke, kuma ɗakin majinyata ba coci ba ne.

Kada ki cire gicciyen da hannunki, domin hadisin da ya ce Annabi ba ya barin abu mai gicciye sai ya warware shi ya zo ne game da gidansa, ke kuma baƙuwa ce. Idan fada, wato limamin Katolika, ya zagayo da Jibin Ubangiji (gurasar ibadar da ake ba Kiristoci), ki gaishe shi da mutunci, ki sanar da shi cewa ku Musulmi ne. Ki kuma riƙa tuna wa Hajiya lokutan sallah, ko da taimama ce da nuni a kan gado.

Allah ne Mafi sani.