Tambaya da Amsa: Yanko Gashin Yaro a Gida Domin Gwajin Gubar Dalma

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Maigidana yana aikin haƙar zinariya a yankin Anka, kuma yakan dawo gida da kayansa buɗu-buɗu da ƙura. Ƙanena ya ce in yanko gashin ɗana mai shekara 4 in aika masa, ya kai ɗakin gwaji a duba ko akwai gubar dalma a jikinsa. Yaya ake yi? Daga wata uwa, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya mana yaron. Kin yi daidai da kika damu, domin a 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara, musamman a Anka da Bukkuyum, sanadiyyar ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma da ake dakawa a cikin gidaje.

Idan za a yanko gashin, a wanke almakashi a bar shi ya bushe, sannan a kamo wani ɗan tsagi daga ƙeya mai kaurin fensir, a ɗaure shi da zare, a yanke dab da fatar kai. Gashi yana tsawo kimanin santimita 1 a wata, saboda haka santimita 3 da ke kusa da fata su ne ke nuna abin da ya shiga jiki a watanni 3 da suka wuce. Shi ya sa dole a yi alama a gefen da aka yanko. A saka shi a busasshe cikin ambulan na takarda, ba leda ba, a rubuta rana da shekarun yaron. Kada a tsinto na jikin mataji ko na wurin wanzami, kuma a sanar da masu gwaji idan an shafa lalle, rini ko man gashi.

Sai dai gaskiya, a kan dalma ban gamsu da wannan hanya ba. Ƙurar da ta manne wa gashi daga waje tana ruɗa sakamako, har ta nuna guba inda babu, ballantana a garinmu da iskar hunturu ke turbuɗe kan kowa. Gwajin jini shi ne abin dogaro, kuma da shi likita yake yanke shawarar ba da magani. Ki kai yaron sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ki faɗa musu sana'ar mahaifinsa tun farko, ko da ba ya nuna alamar ciwo. Kafin nan, maigida ya riƙa tuɓe kayan aiki a waje, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaron, a kuma wanke kayan daban da na iyali.