Tambaya da Amsa: Yarona baya cin abinci sai da waƙa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya jama'a. Dan Allah shawara nake nema akan yarona, shekararsa 1 da wata 8, a Agege muke zaune. Tunda ya fara tafiya cin abinci ya zame mana aiki, sai na zauna ina mishi waƙa ina tafi sannan zai buɗe baki, ina yin shiru zai kau da kai. Gidan haya muke na ɗaki ɗaki, har maƙota sun fara ce min zabiya. Surukata da ta zo daga gida tace sangarta ce kawai, a riƙe shi a mishi ɗura yadda aka yi wa babansa, shi kuma maigidan cewa yake in kunna mishi katun a waya kowa ya huta. Ni dai na rasa wacce zan kama. Ɓata shi nake yi da waƙar nan?

Maman yaro, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana shi. Ki kwantar da hankalinki, ba ɓata shi kike ba, cikin abu ukun nan da kika lissafo naki ne ma ya fi. Ai da tawai da waƙar raino aka rene mu, su ma maƙotanki Yarbawa ki saurara da kyau zaki ji suna yi wa nasu 'ya'yan kirari.

Ki fara sanin cewa ba naki kaɗai bane. Jariri kafin ya cika shekara yakan ninka nauyin da aka haife shi dashi kusan sau 3, amma a shekara ta biyu da ƙyar yake ƙara kilo 2 zuwa 3, to kinga jikin da ya rage saurin girma dole ya rage neman abinci, ga shi ya samu ƙafa duniya ta buɗe mishi wasa yafi tuwo daɗi, ga zafin Legas da ko babba wani lokacin baya son ci. Sannan cikinsa ɗan ƙarami ne, mu ne muke cika kwano daidai idonmu sai mu ce bai ci ba.

Abinda waƙa take yi shine ta sassauta mishi jiki, ke ma ta sassauta miki fuska, don yaro yana karanta fuskar uwa fiye da yadda muke zato, in kin zo da cokali ranki a ɓace shi ma zai ɗaure. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abinda take cewa kenan, a ciyar da yaro a hankali cikin haƙuri, ana mishi magana ana kallon idonsa, a lallaɓa shi amma kar a tilasta. Sai dai akwai inda nake so ki lura sosai. Waƙa iri biyu ce. Akwai wadda kike yi ku biyu kuna kallon kwano, kina kiran sunansa kina kiran sunan abincin, ga wake ga dankali wa zai ci, shi da kansa yana kai hannu. Akwai kuma wadda ake yi don a ɗauke mishi hankali a faki ido a cusa cokali. Wannan ta biyun bana sonta, don yaro baya koyon gane yunwa da ƙoshi, ci kawai yake bai san yana ci ba. In ya rufe baki ya kau da kai sau biyu sau uku, ki ɗauke kwanon ko da waƙar bata ƙare ba, ba faɗa ba tsaki. Kuma kar zaman ya wuce minti 20 zuwa 30.

Waƙar ta zama mai sanyi, ba ta tsalle da cakulkuli ba. Yaro na dariya ko gudu da abinci a baki zai iya ƙwarewa. A zaune zai ci, bayansa a miƙe, kuma gyaɗa guda guda ki ajiye ta sai ya girma, niƙaƙƙiya dai a kunu ba laifi.

Maganar ɗura kuwa dan Allah kar ki yarda. Na san Hajiya ƙauna ce tasa ta faɗa, haka ta gani haka aka yi, amma yaron da aka kwantar aka danne aka toshe wa hanci yana kuka ana zuba kunu, kunun nan zai iya bin hanyar numfashi ya sauka huhu, daga nan sai ciwon nimoniya, wani ma numfashin ke ɗaukewa nan take Allah ya kiyaye. Wanda ya tsira kuma sai ya tsani cokali da kofi. Ba ke zaki yi musu da ita ba, ki sa maigidan ya mata bayani cikin ladabi, ko ku tafi tare ranar awo taji daga bakin nas. Ki kuma roƙe ta ta koya miki waƙoƙin da ta yi wa nata 'ya'yan, zaki ga ta sake.

Waya kuma tana aiki, shi yasa take da haɗari. Yaro ya zuba wa katun ido baki na buɗewa shi kaɗai, gobe babu caji ko an ɗauke wuta babu cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kar a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin.

Yanzu ki duba abinda yake shiga cikinsa tsakanin abinci, don a nan yawancin matsalar take. Biskit, cincin, lemon kwali, shayi mai siga da burodin Agege, a gidan haya kowa ya wuce sai ya miƙa mishi wani abu, to ina yunwar zata fito? Ki tsara mishi ci sau 3 zuwa 4, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu kamar ayaba, gwanda ko dafaffen ƙwai, tsakani kuma ruwa. Ki zuba kaɗan, in ya cinye ki ƙara. Kunun ya yi kauri, ki sa gyaɗa ko waken suya, faten dankali da kifi da ganyen ugu ko alayyahu, alale, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa ko ayoyo. Sabon abu in ya ƙi kar ki ce baya so, wani sai an kawo mishi fiye da sau 10 kafin ya karɓa. Ki bar shi ya ci da hannunsa ko zai ɓata riga, ki zaunar dashi cikin yara ko kusa da babansa in go-slow ya bar shi ya dawo da wuri, a hankali zaki ga kina rage waƙar kuna hira kawai.

Kar ki je kemis ki siyo maganin sa cin abinci da kanki, wasunsu bacci suke sawa. Ki kai shi awo a asibitin unguwa a duba katinsa, in nauyi na hawa yana wasa yana fitsari yadda ya saba to lafiya lau yake. Amma in kinga yana ramewa, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ƙafa ta kumbura, ko gudawa da zazzaɓi sun ƙi tafiya, ko yana yawan ƙwarewa in yana haɗiya, ki kai shi wurin likita kar ki jira, a duba jini da tsutsar ciki.