Gas ɗin naƙuda da kika tambaye ni

Ƙanwata sannu da karatu, ya sanyin Jos ya su Mama. Na ga saƙonki tun shekaranjiya, wallahi dutin dare ne ya hana ni amsawa. Kin ce kina ta cin karo da Entonox a takardun shirin jarabawar NMC, hukumar rajistar nas da ungozoma ta Birtaniya, kuma tun kina makaranta har kika fara aiki ba ki taɓa ganinsa ba, wai allura ce ko me. Ba allura ba ce, shaƙa ake yi, nima sai da na zo Ingila na fara riƙe shi a hannuna.

Iska biyu ce a silinda ɗaya, rabi oksijin rabi naitiros oksaid ɗin nan da ake ce wa iskar dariya. Wani likita Michael Tunstall ne ya fito da haɗin a 1961, kafin shi tun 1933 akwai na'urar Minnitt da take cakuɗa gas ɗin da iskar ɗaki kawai, shi ya sa har gobe matan nan gas da iska suke ce masa. Tiyo ne ya taso daga silinda ko daga bango, a ƙarshensa akwai bawul, kuma ba irin oksijin da muka saba buɗewa ya yi ta fita ba ne, wannan ba ya sakin komai sai mace ta ja numfashi, tana ja za ki ji ya yi shiii, tana dainawa ya rufe. Bakin da take sawa da filta ɗinsa kowa da nata sabo, ba a gado.

Yana ɗaukar kamar sakan 20 zuwa 30 kafin ya fara aiki, don haka da ta ji mararta ta fara ɗaurewa za ta fara ja a hankali, dogo dogo, in ta bari sai ciwon ya kai ƙarshe to ta makara, ciwon ya wuce sannan jiri ya zo. Ba ya kashe ciwo gaba ɗaya fa, kar ki yi mata alkawarin haka, yana dai rage kaifinsa. Da ta ajiye cikin mintuna kaɗan ya fice daga jiki. Jiri, tashin zuciya, bushewar baki, wata ma ta yi ta surutu, duk an saba.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Ita za ta riƙe da hannunta, ita kaɗai. In ya fara yi mata yawa barci zai ɗebe ta hannun ya saki abin ya faɗi, ta shaƙi iskar ɗaki ta dawo, dabarar kenan gaba ɗaya. Mu kuma kin san halinmu da tausayi. Akwai daren da na leƙa ɗauko tawul na dawo na tarar da miji, ɗan ƙasarmu ne ma, ya tallafe kan matarsa ya danna mata abin a baki yana ta sannu sannu ja ki ƙara, ita kuwa ido ya lumshe ko amsa ba ta yi. Na janye hannunsa, ya bi ni da kallo kamar na zage shi, sai da na ce masa da Hausa Malam riƙe mata ɗaya hannun ka yi mata addu'a, wannan nata ne. Ke ma hannunki zai yi ta ƙaiƙayi ki taimaka, ki danne ƙaiƙayin.

Kafin ki miƙa wa kowa ki yi tambaya. Gas ɗin yana shiga duk inda iska ta maƙale a jiki ya kumbura wurin, shi ya sa ba a ba wanda iska ta taru masa a gefen huhu, ko mai toshewar hanji, ko wanda aka sa wa gas a ido wajen tiyata, ko wanda ya bugu a kai hankalinsa bai dawo daidai ba. Yana kuma lalata aikin bitamin B12 in an daɗe ana sha. Basilin da man shafawa a nesa da bawul, taba kuwa ba a ma magana, wuta yake ƙara wa ƙarfi. Ɗakin ma sai da iska mai zagayawa saboda mu da muke wuni a ciki, a 2023 wasu asibitocin nan sai da suka dakatar da shi na ɗan lokaci kan wannan. In kika ga yara a titi da balan-balan suna shaƙa, zallar naitiros ce ba oksijin, tun Nuwamba 2023 laifi ne a nan, kar ƙawaye su ja ki.

Sai maganar sanyi, ke da kike taƙama da na Disamba a Jos. In silinda ta kai awo 6 ƙasa da sifili iskar biyu rabuwa suke yi, oksijin ya fara fita, daga baya sai kusan zallar naitiros, kin ga haɗari. Wadda ta kwana a but ɗin mota da hunturu sai an shigo da ita ta kwantar awa 24 a ɗaki mai ɗumin awo 10 ko sama. Ki taho min da acca in Allah ya sa biza ta fito, ki gaida Mama.