Kai da ka ce mu ƙara batura

Jiya ka tambaye ni ina tsakiyar aiki, wai ka ga wani babur mai batir a waya ya haura kilomita 450 a awa, to mu me zai hana mu ƙara batura a kan Boxer ɗin da muke mayarwa na lantarki, ya kai ko 150 ne. Ban tanka maka ba, don da na buɗe baki a lokacin, zagi ne zai fito. Ba laifinka ba ne. Maganar nan ta "a ƙara batura" na taɓa jin ta a bakin wani, kuma har yau ban farfaɗo daga asarar da ta ja mini ba.

Babur ɗin da ka gani na san shi, kada ka zaci ku kaɗai ke riƙe waya. Voxan Wattman sunansa, kamfanin da ya ƙera shi a Monako yake, wanda ya hau kuma Max Biaggi ne, mutumin Italiya da ya ci kambun tseren babura na duniya sau shida. A Nuwamban 2021 ya yi kilomita 455 da 'yan kai, lokacin yana da shekara 50, ba ɗan bana-bakwai irinku ba. Kuma ba a titin Ringim ya yi ba, inda akuya ke tsallaka maka ba sallama. A Fulorida ta Amurka ne, kan filin da jiragen zuwa sararin samaniya ke sauka a da, miƙaƙƙe sama da kilomita 4, ba rami ba kwana. Injinsa kilowat 320. Namu da kake hura hanci a kansa kilowat 3 ne.

Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne iska. Ka taɓa hawa babur da babbar riga za ka masallacin Juma'a? Kana tafiya a hankali ba ka jin komai, kana murɗa totur sai riga ta cika ta fara janka baya. To haka iska ke yi wa babur ɗin gaba ɗayansa. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska sau huɗu take ninkuwa, ƙarfin da inji zai kashe ya keta ta kuwa sau takwas. Namu yana kai mu wajen 75. Kai kana son 150, ke nan kilowat 24 kake nema. A kan bolt 72 da muke haɗawa, wutar da za ta bi ta waya ta tashi daga amfiya 40 da ɗoriya zuwa sama da 300. Je ka dubi wayar da ke jikin babur ɗin, sannan ka zo ka gaya mini ko za ta ɗauka.

Shi ya sa masu wannan harka suka fi ɓata lokaci a kan siffar babur fiye da yawan batir. Akwai wata injiniya 'yar asalin Suwidin, Eva Håkansson, ita da mijinta suka ƙera nasu a garejin gida, suka sa masa KillaJoule. Dogo ne siriri, a rufe ruf, a ciki take shiga, ga wata ƙaramar taya a gefe. A 2014 ta yi kusan kilomita 387 a filin gishirin Bonneville da ke jihar Yuta. Mace ce, da hannunta ta yi, ku kuma maza kuna nan sai an nuna muku inda sifana mai lamba 10 take. Sannan zafi: Voxan na farko, wanda suka gwada a Faransa a 2020, busasshiyar ƙanƙara suka zuba masa don sanyaya shi, saboda gudun na ɗan lokaci ne amma zafin da yake tarawa ba na wasa ba ne. Ko gudun ma ba da mitar babur ake yarda ba. Hukumar tseren babura ta duniya, FIM, sai ka je ka dawo ta hanya ɗaya cikin awa biyu, a haɗa biyun a raba, don kada iska ta tura ka ta baya ka zo kana cika baki.

Yanzu ga wanda ya riga ka faɗin maganar.

Bayan an cire tallafin mai a 2023, mutane suka fara zuwa suna tambayar babur mai caji, ni kuwa na riga na fara gwadawa tun ana yi mini dariya. Sai ga wani yaro, ɗan wani mai sayen hatsi a ƙasar nan, ba zan kama suna ba, ka san gidan. Ya ce abokinsa zai yi aure bayan babbar sallah, za a yi wasan babura, yana son wanda ba a taɓa gani ba, wanda ba ya ƙara amma ya wuce kowa. Na ce masa zan yi maka babur mai kyau, zai kai ka Gumel ya dawo da kai, amma ba zai tsere wa mai fetur a dogon titi ba. Ya ce ya ji ya gani. Ya ba da kafin alƙalami, abin da bai kai rabin kuɗin batir ba, ya ce saura sai babansa ya dawo daga kasuwa.

Saboda darajar gidansu na yarda. Ragon da nake kiwo don layya na sayar, na shiga Kano, na bi Sabon Gari shago shago har na samu ƙwayoyin batir sababbi, masu ba da wuta da ƙarfi, ba kwashe-kwashen tsofaffin kwamfutoci da ake sake wa leda a ce sababbi ne ba. Kowace ƙwaya sai da na auna ta. Na jera su layi 20, na ɗinke su da ɗigon walda a kan zaren nikel, ban kusantar da dalma ba, don zafin ƙarfen dalma yana lalata ƙwaya tun kafin ta fara aiki. Na sa allon tsaro, wanda kuke kira BMS, na ƙayyade wa kantarola, na'urar da ke ɗebo wuta daga batir ta ba inji, iyakar wutar da za ta ja. Aikin da in na tuna shi har yanzu raina yake sosuwa, don ban sake yin mai kyansa ba.

Ya zo ya ce bari ya ɗana ya dawo. Ɗanawar ke nan.

Ashe abokansa sun wuce shi a hanya sun yi masa ihu, zuciya ta ɗebe shi ya loda babur a mota sai birni, wurin wani mai gyaran waya da ya koyi sana'a a bidiyo. Wannan ya jona kwamfuta ya buɗe wa kantarola wuta har ƙarshe. Da allon tsaro ya ga abin ya fi ƙarfin batir ya riƙa yankewa, wanda aikinsa ke nan, sai gwanin ya ɗauko guntuwar waya ya tsallake shi. Bai tsaya nan ba, ya ƙulla wani ƙunshin tsofaffin baturan kwamfuta ya haɗa da nawa, ya ɗaure a ƙarƙashin kujera da robar tayar keke. An ƙara batura, kamar yadda kake so.

Ranar ɗaurin aure, rana tsaka, kwalta na tururi, ya murɗa har ƙarshe. Waɗanda ke wurin sun ce ya wuce biyu ko uku, ana ta tafi, sai hayaƙi fari ya turnuƙe daga ƙarƙashinsa. Allah ya yi da sauran kwana ya diro da ƙuna a cinya. Batirin litiyam in ƙwaya ɗaya ta kama, ita ke kunna ta kusa da ita, a haka har su ƙare. Aka watsa ruwan jarka, aka zuba ƙasa, ya lafa ya sake tashi. Ƙarfe kawai ya rage.

Washegari aka aiko wai ana nemana a zauren mai gari, uban ya kai ƙara na haɗa wa ɗansa abin da zai kashe shi. Na ce a kawo gawar babur ɗin. A gaban dattawa na tona, na ciro guntuwar wayar nan da aka tsallake allon da ita, ga dalma dunƙule a bakinta. Na ce duk wanda ya taɓa ganin dalma a batirin da ya fito daga hannuna ya tashi ya faɗa. Na nuna musu ƙwayoyin kwamfuta da suka ƙone, girman ɗaya ne da nawa amma ba ɗinkin walda a jikinsu. Yaron ya sunkuyar da kai, uban ya hau borin kunya. Kowa a zauren ya gane. Amma da aka zo yanke magana sai aka ce tsautsayi ne, a yi haƙuri, kowa ya ɗauki asararsa, ana zaman tare. Shi asararsa tsohon firam da 'yan kuɗin da ya bayar. Ni ragona, da ƙwayoyina, da inji, da kantarola, da guminmu. A shekarar ban yi layya ba, sai maƙwabta ne suka aiko wa iyalina nama, ni da nake rabawa.

Wanda ya fi ci mini rai ma ba kuɗin ba ne. Magana ta zaga kasuwa wai bakaniken nan bam yake haɗawa. Masu kai yara makaranta da masu ɗaukar madara da suka yi niyyar kawo nasu duk suka janye. Mai gyaran wayar kuwa ko sunansa ba a ambata ba, yana can yana tsallake wa wasu.

Yadda ake jera ƙwayoyi, da wace waya ke zuwa ina, da yadda ake ɗaura inji a taya, ba zan ɓata yawuna ba, wanda ya shekara a gareji bai gane wannan da ido ba ya koma gona. Ƙwaya ta cika a bolt 4.2, kada ta wuce, wannan ko almajirin da ke kawo mana ruwa ya ji ni ina faɗa. Damuwata da ku ita ce ba ku son aunawa. Mu da muka koyi aiki a kan Vespa da Honda, sai ka yi wata da watanni kana wanke kabireto kafin a bar ka ka taɓa inji. Ku kuwa kun ga abu na minti ɗaya a waya, kun ɗauka a minti ɗaya aka yi shi. In gudu kake so da gaske, fara da abin da ba ya cin kuɗi: rage nauyi, daidaita taya, gyara birki, ka rufe gaban babur da falle ka kwanta a kan tanki, ka auna da agogo tsakanin turakun kilomita biyu, zuwa da dawowa. Za ka samu ƙarin da zai ba ka mamaki ba ka taɓa batir ba. Ka yi shi da hular kwano, da sassafe, ba ranar kasuwa ba.

Daga yau kuma ga doka. Babur mai batir ba ya fita daga garejin nan da sunan ɗanawa sai an biya kuɗinsa cif. Murfin batir da na kantarola ka ɗiga musu jan fenti a kan kusoshi, mai shi yana kallo, ka gaya masa in fentin ya fashe ba ruwanmu. Shi kuma yaron nan ɗan mai hatsi, na ga ya sayi sabon babur yana wucewa ta nan yana ɗaga mini hannu. In ya tsaya ba na nan, ko iskar taya kada ka ba shi.