Mene ne takunkumin kasuwanci, kuma wa yake ƙuntata wa?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Maradi, ina saro kaya daga Jibiya da Kano. Kullum a rediyo sai mu ji an ce an saka wa ƙasa kaza takunkumi. Shin rufe iyaka da takunkumi abu ɗaya ne? Kuma me gwamnatoci ke nema da shi?

Amsa: Alhaji, kalmar da kanta ta ba da rabin amsar. Takunkumi shi ne abin da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi a baki don kada ya ci amfanin gona. A harkar ƙasashe, gwamnati ko ƙungiyar ƙasashe ce ke hana saye da sayarwa da wata ƙasa, don ta matse shugabanninta su canja hali ba tare da an kai ga yaƙi ba. Wani lokaci kaya ɗaya ake hanawa, kamar yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana sayar wa Afirka ta Kudu makamai a 1977 saboda mulkin wariyar launin fata. Wani lokaci kusan komai ne, irin wanda Amurka ta ɗora wa Kuba tun 1962, har yau bai tashi ba.

Amma kai ba sai an kai ka nesa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, ta zauna a Abuja ranar 30 ga watan, ta rufe iyakokinta da Nijar, ta dakatar da hada-hadar kuɗi, Najeriya kuma ta yanke wutar da take ba mu. Ka tuna manyan motoci jere a hanyar Ɗan Isa, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu, albasa na ruɓewa a buhu. Ka tuna yadda farashin tiyar shinkafa ke canjawa tsakanin safe da yamma, da masu walda da suka zauna jugum suna jiran wuta. Wannan shi ne takunkumi tsantsa, domin manufarsa siyasa ce: a mayar da hamɓararren shugaba Bazoum kan kujera. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, ba a kuma mayar da Bazoum ba.

Rufe iyaka kuwa ba kullum ne yake zama takunkumi ba. Da Buhari ya rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, hujjarsa ita ce hana fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, wato kare kasuwarsa. A aljihunka zafin ɗaya ne, na sani, amma niyyar ta bambanta. Haka ma idan gwamnatinmu ta hana fitar da hatsi don kada ya yi tsada a gida.

Ko yana aiki? A ganina, ba kasafai yake cim ma abin da aka ƙulla shi dominsa ba. Inda ya yi tasiri, kamar Afirka ta Kudu, sai da ya haɗu da gwagwarmayar mutanen cikin gida, aka kuma ɗauki shekaru. Mai mulki ba ya rasa janareta ko magani. Mai koko da mai tura kura su ke fara ji a jika. Sannan iyaka irin tamu da Katsina, inda gonar wani take Nijar gidan surukinsa yake Najeriya, ba ta rufuwa ruf. Kaya sai su koma bin daji a kan babur, kuɗin hanya ya ninka, mai saye ya biya.

Shawarata gare ka: duk ranar da aka yi irin wannan sanarwa, kada ka dogara da jita-jitar tasha. Je ofishin duwan, wato kwastan, ka tambayi kayan da aka hana da waɗanda aka keɓe, domin sau da yawa akan yi sassauci a kan magunguna da kayan agaji. Kuma kada ka karɓi kaya bashi a naira alhali hanya a rufe take.